Tukunyar da Ba Ta San Madara Ba

Duk abin da aka miƙa wa Yolima a gidan Doña Tránsito ranar nan, sai da ta mayar da shi. Ni Briceida, gwaggonta, ina zaune kusa da ita ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka kawo changua, romon madarar nan mai ƙwai da muke tarbar baƙo da shi, ta ce a yi mata haƙuri. Aka kawo cakulan mai zafi da cuku yana narkewa a ciki, ta sunkuyar da kai. Daga ƙarshe tsohuwar ta tashi da kanta, ta yanko cukun da ta matse da hannunta da safen nan, ta dire a gabanta.

"Sumercé, ki gafarce ni," in ji Yolima, da kalmar girmamawar da muke kiran manya da ita. "Shayarwa nake yi. Abin da na ci shi 'yata Salomé take sha, ita kuwa jikinta ba ya karɓar madarar shanu. Likita ya hana ni."

"Likita," in ji Doña Tránsito, kamar mai tofar da ƙashin kifi. "Shanun gidan nan sun raini 'ya'yana da jikokina. Har yau ban binne ko ɗaya ba."

Ta ɗauke farantin ta shige ciki, ba ta sake fitowa ba har muka tafi.

A kwarinmu, macen da za ta shigo gida aure sai ta ci daga tukunyar uwar miji kafin a sa rana. Wadda ta ƙi ci kuwa, ta ce gidan ƙazami ne ke nan, ko ba ta buɗe baki ba. Eliécer, ɗan autan tsohuwar, ya daɗe yana lallaɓa uwarsa kafin ta yarda a kawo mata bazawara mai goyo, kuma ya gaya mata larurar yarinyar tun kafin mu je. Maganar ta shiga ta wannan kunnen ta fita ta wancan.

Abin dariyar shi ne, motar madara ce ta haɗa su. Mijin Yolima ya rasu a ramin kwal tana da ciki, ta dawo hannuna ta haihu. Ranar da muka ga jini a ƙunzugun Salomé, ba abin hawa a hanya sai motar Eliécer cike da tulunan madara. Shi ya kai mu asibiti, ya zauna har aka sallame mu. Tun daga ranar hanyarsa ta kai madara ta koma bi ta ƙofar gidana, duk da ban da saniya ko ɗaya.

Washegarin zuwanmu gidan tsohuwar, da hantsi, na ji ƙarar motar. Na leƙa, na gan shi a bakin famfo yana wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya tuɓe rigar aiki ya sa wadda yake ajiyewa a leda. Haka yake yi kullum kafin ya taɓa yarinyar, ba wanda ya taɓa sa shi.

"Me ta ce?" in ji Yolima, idanunta a kumbure.

"Bar maganar."

"Eliécer, me ta ce?"

Ya zauna a kan benci ya dafe kai. "Ta ce in auri Marlén, 'yar maƙwabtanmu, a haɗe gonakin. In na ƙi, in bar mata gida da shanu."

"To ka aure ta mana. Kyakkyawa ce, ba ta da goyo, kuma za ta shanye tukunyar changua ta lashe cokali."

"Kin san abin da kike faɗi kuwa?"

"Na sani." Hawaye suka ɓalle mata. "Na riga na binne miji, ba zan zo in raba uwa da ɗanta ba. Gobe in ta faɗi ciwo, duk garin nan ni za su nuna da baki."

"Sai mu tafi Bogotá. Ina da hannu, ina tuƙi. Yunwa ba za ta kashe mu ba."

"Kai da ba ka iya barci sai ka ji kukan maraƙi? Wata uku za ka yi ka fara kallona kana tuna abin da ka baro."

"Yolima, don Allah..."

"Ni ce ke roƙonka. In kana sona, kar ka sa in zama sanadi."

Ya miƙa hannu, Salomé ta rarrafo ta kama yatsansa tana dariya da haƙoranta biyu. Sai shi ma ya fashe da kuka, ƙaton namiji mai ɗaga tulun madara da hannu ɗaya. Na koma kicin na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari, kun san bakin mutanenmu ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Sai ga Don Fidencio mai kantin magani ya fara aiko wa Yolima da lemo da gaisuwa, yana neman aurenta. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ya ba sittin baya, ga tumbi ga sanƙo, amma gidansa na bene ne a tsakiyar gari.

"Ki gaya wa 'yar taki," ya ce da ni, "a gidana ko hoton saniya babu."

Na gaya mata, har na ɗan ƙara gishiri. Ni dai na san soyayya ba ta hana yaro amai, kuma kwana a saman kantin magani ba ƙaramin abu ba ne ga uwar yarinya irin Salomé.

"Gwaggo, in yana burge ki, ai ke ma ba ki da miji," in ji Yolima.

Na ce, "Ke, kiyaye ni."

Ta yi dariya, ta farko tun ranar cukun nan. Da ta san abin da ke jiranmu a kasuwar Juma'a, da ba ta yi ba.

* * *

Teburin Doña Tránsito yana daidai ƙofar kasuwa, ba yadda za a yi ka shiga ba ka wuce ta gabansa ba. Mun so mu ratse da sauri, sai muka ji muryarta.

"Briceida! Yanzu gaisuwar ma likita ya hana?"

Matan da ke sayar da cuku suka kwashe da dariya. Marlén na gefenta tana ƙulla wa wata ciniki, ta yi kamar ba ta gan mu ba. Dole muka matsa muka gaishe ta.

"Kawo yarinyar nan in gani," in ji tsohuwar. Ta tsame hannunta daga bokitin ruwan cuku ta yarfe. "Ni na san ciwon nan. Descuajada ce, an jijjiga ta ne cikinta ya goce. A kai ta wurin mai matsa ciki, a shafa mata mai, a ɗaure, shi ke nan. Ba sai an ɓata wa shanun mutane suna ba."

"Sumercé, hannunki..." in ji Yolima tana ja da baya.

Ina! Tsohuwar ta riga ta kama kumatun Salomé da jiƙaƙƙen hannun, tana juya fuskarta hagu da dama.

"Ku duba min, lafiyayyiyar yarinya. Uwar ce dai mai iyayi."

Yolima ta fizge 'yarta tana goge mata fuska da gefen mayafi. Doña Tránsito ta ci gaba da bayani ga matan kasuwa, har ta kai ga yadda kakarta ke matsa cikin jarirai. Ba ta ƙarasa ba Salomé ta tsandara ihu tana yagar fuska.

Marlén ce ta fara gani. Ta saki ledar da ke hannunta ta ce, "Wayyo Allah! Doña, dubi!"

A kumatun yarinyar, borin jini ya taso jajir, ba kuwa a barbaje ba. Shatin yatsu ne. Huɗu a kunci ɗaya, babban yatsa a ɗayan, kamar an zana.

Yolima ba ta tsaya ko kallon kowa ba, ta rungumi 'yarta ta ratsa fili da gudu zuwa ƙaramin asibitin da ke bayan coci. Na bi ta da tsofaffin gwiwoyina ina kiran duk waliyyin da ya zo bakina.

Ma'aikaciyar jinyar ta san Salomé. Ta wanke mata fuska, ta ba ta maganin ruwa, ta buɗe bakinta ta duba, ta ɗora abin sauraro a ƙirjinta. Mu kuwa mun ɗauke numfashi muna kallon fuskar matar.

"Numfashinta lafiya lau, leɓe bai kumbura ba," ta ce. "A fata kawai ya tsaya, tunda bai shiga baki ba. Ku zauna nan in ga ya kwanta, sannan ku tafi."

Yolima ta sulale ƙasa ta zauna, tana dariya tana kuka lokaci guda. Kafin a jima Salomé ta kama mama tana sha, tana wasa da gashin uwarta kamar ba ita ba.

Da na leƙa waje, Doña Tránsito na tsaye a bakin ƙofa. Ta bar teburinta da cukunta da cinikinta. Ta miƙe hannun nan nesa da jikinta kamar ba nata ba. Na buɗe baki zan sauke mata kwandon baƙaƙen maganganun da na daɗe ina tarawa, sai na ga fuskarta, na haɗiye.

"Tana numfashi?" ta ce.

"Tana yi."

Ta juya ta tafi.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya ba mu ji ɗuriyarta ba. Eliécer ya ce ta daina magana, ta daina zuwa tatsa, sai ta zauna bakin murhu tana kallon wuta. Matan gari suka yanke hukunci tun kafin ita ta yanke: yanzu ta sami hujja, za ta ce yarinyar da taɓawa kawai ke tasar mata da ciwo ba za ta iya zama a gidan shanu ba. Don Fidencio ya zo da kansa, hula a hannu, ya ce ba ya gaggawa amma yana jiran amsa.

Ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci, muna fere dankali, sai na ji kukan akuya a ƙofar gida.

Doña Tránsito ce, da baƙin mayafinta na ulu da hular zuwa coci, tana jan wata farar akuya mai cikakkiyar hantsa. Eliécer na biye da ita, fuskarsa kamar wanda za a yanke wa hukunci.

"Na gaya mata, Gwaggo, ba ta saurare ni ba," ya raɗa mini.

Tsohuwar ta tsaya gaban Yolima ta miƙa mata igiyar.

"Ga shi. Tunda nonon shanu ne ba ta so, ga na akuya. Daga ƙauyen ƙanwata na sa aka kawo ta. A ba yarinyar, ke ma ki sha, ki zo ki ci daga tukunyata a wuce wurin."

Jama'a, wanda ya san Doña Tránsito ya san abin da wannan igiyar ta ci mata. Matar da ba ta taɓa ba wa ko Fada, limamin cocinmu, haƙuri ba, ga ta ta ratsa gari da akuya a gaban kowa. Na matsa na mintsini Yolima.

"Karɓi ki yi godiya," na ce ƙasa-ƙasa. "Mu ɗaure ta a bayan gida, wa zai sani?"

"Gwaggo, in na karɓa, ranar da na bar mata Salomé na tafi kasuwa, me za ta ɗura mata?"

Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu, ta durƙusa gaban tsohuwar. Hawaye na zuba mata.

"Sumercé, tunda nake ba a taɓa yi mini kyautar da ta kai wannan ba. Amma ba zan karɓa ba. Likita ya ce na akuya da na tunkiya duk 'yan gida ɗaya ne da na saniya, abin da wancan zai yi mata shi wannan zai yi. Na san na sake mayar miki da hannu. Na san abin da hakan ke nufi." Ta kalli Eliécer, ta kau da kai. "Ina son ɗanki, Allah ya sani. Amma shi yana da uwa. Salomé kuwa ni kaɗai gare ta."

Na rufe ido na ce shi ke nan, Don Fidencio ya ci kasuwa.

Sai na ji benci ya yi ƙara. Doña Tránsito ce ta zauna, igiyar na hannunta.

"Da farko," ta ce a hankali, "yaya ciwon yake yi mata?"

Yolima ta ɗago da mamaki. "Tana gama shan mama sai ta amayar. Ta yi ta kuka tana naɗe ƙafafu..."

"Tana banƙarewa kamar za ta karye."

"Haka ne. Ga ƙuraje a..."

"A bayan gwiwa da bayan kunne. Ta sosa har jini. Kashin kuwa da majina, wani lokaci da ja-ja a ciki."

"Sumercé, wa ya gaya miki?"

Tsohuwar ta ɗaga hannu ta nuna ɗanta ba tare da ta kalle shi ba.

"Wancan ƙaton. Haka ya yi mini. Ba mai matsa cikin da ban kai shi ba a kwarin nan. Uwar mijina ta ce nonona ne mugu, ta ce guba nake ba jikanta. Don ta gyara nonon, sai ta riƙa ɗura mini changua safe da yamma, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ina sha, yaro na ƙara lalacewa. Sai shekarar da ciwo ya cinye mana garke, gidan ba ko ɗigon madara. Aka ƙwace shi daga ƙirjina aka koma ba shi kunun ayaba da ruwan mazarƙwaila. Ya warke sumul. Uwar mijina ta tara dangi ta ce, kun gani, da ma nononta ne."

"Mama, ba ki taɓa gaya mini ba," in ji Eliécer.

"In ce maka me? In ce ni na kusa kashe ka? Shekara talatin ina ɗauke da shi. Ranar Juma'a da na ga yatsuna a fuskar yarinyar nan, na koma gida na kasa barci. Na kawo akuyar nan ne don in gani. Na ce in ta karɓa, to iyayi ne da ma, in ta ƙi..." Ta juyo ga Yolima. "Ke, gaya mini gaskiya. Abin da uwa ta ci, da gaske yana bi ta cikin nono?"

"Yana bi, sumercé. Shi ya sa na ƙi cukunki, alhali ƙamshinsa ya kusa sa ni kuka."

"Ashe ba ni ba ce."

"Ba ke ba ce. Nononki lafiyarsa ƙalau. Changua ce."

Doña Tránsito ta saki igiyar, ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da ban taɓa zaton yana cikinta ba. Yolima ta rungume ta. Eliécer ya tsaya yana sharar hanci. Akuyar kuwa, da ta ga ba mai kula ta, ta shiga lambuna ta hau furannina da ci.

Ni ce na fara dawowa hayyacina. Na ce, "To tsaya. Wannan da kuke cewa madara ta kusa kashe shi, ba shi ne ke kafa kai a tulu kamar maraƙi ba?"

"Tun yana shekara huɗu ya fara satar cuku, bai kuma daina ba," in ji uwarsa tana share ido.

Yolima ta dafe ƙirji. "Likita ya ce yawancinsu suna wucewa in sun girma. Na ɗauka lallashina kawai yake yi."

"Ga shaida nan a tsaye, ƙato kamar ƙofar coci," na ce.

Muka yi dariya har Salomé ta farka ta taya mu, ba ta san dalili ba.

* * *

Lahadin da ta biyo baya muka koma gidan. Don Fidencio na riga na mayar masa da amsarsa da kwandon lemonsa, ya karɓa da mutunci. Akuya kuma tana gidana har yau, ba mai tatsarta, ta ga bayan furannina.

Doña Tránsito ba ta kai mu teburin baƙi ba, kicin ta ja mu. A gefe guda ta sa an gina ɗan ƙaramin murhu, laka ko gama bushewa ba ta yi ba. A kai akwai sabuwar tukunyar ƙasa, da sabon ludayin itace.

"Jiya na sayo ta daga wurin maginan tukwane," ta ce. "Ba ta san madara ba, ba kuma za ta taɓa saninta ba. Duk wanda na kama ya tsoma mata cokalin cuku, sai ya bar gidan nan, ko da Eliécer ne."

Miyar dankali ce da masara da wake da ƙashin haƙarƙari, da ruwa zalla aka dafa. Ta zuba ta dire gaban Yolima, ta koma gefe ta harɗe hannu. Hannuwan nan sun yi jajir don sabulu.

Yolima ta ci. Ta cinye tas, ta miƙa kwanon.

"Mama, da saura?"

Tsohuwar ta ƙara mata har yana zuba. Sannan ta tsaya gaban Salomé, ta juya tafin hannunta sama da ƙasa tana nuna wa uwar.

"Na wanke har gwiwa, na sake riga. In taɓa ta?"

Yolima ta ɗaga yarinyar ta sa mata a hannu. Doña Tránsito ta ɗora yatsunta a kumatun, daidai inda shatin ya fito ranar kasuwa, ta bar su a nan. Da ta ɗauke, dukkanmu muka zuba wa wurin ido. Miya na hucewa, ba mai motsi.

Ba abin da ya fito.

"To," in ji Doña Tránsito, ta gyara wa jikarta zama a kafaɗa. "Eliécer, daina tsayuwa kamar turke. Je ka wurin Fada ka ce a sa mana rana."